Ciyawar Dinari

Tun da na dawo daga Masar ƙafa ba ta ɗauke a gidana ba. Wannan ta shigo ta ce yaya jiki, yaya Alƙahira, kafin in rufe baki wata ta yi sallama, sai in koma farko. Na gaji da maimaici. Shi ya sa na kira Malama Rabi, maƙwabciyata mai koyarwa a islamiyyar bayan layinmu, na ce ta zo da biro da takarda, tunda ni ban taɓa zama a aji ba. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara min baki. Wadda ta sake tambaya a miƙa mata.

Ba yawon buɗe ido na je ba. Tsakuwa ce aka gano min a ƙoda, aka ce sai an yanka. Autana Nasiru, wanda ya tafi karatun addini can ya zauna, yake yi wa marasa lafiyarmu tafinta a asibitoci, shi ya ce a'a, akwai na'urar da ke farfasa ta ba wuƙa. Ya aiko da takardu, na shirya.

Daga Funtuwa zuwa Kano babu abin faɗa, sai tayar da ta yi faci bayan Malumfashi, da direba mai surutu. A jirgi aka haɗa ni kujera da wata Hajiya Mairo, 'yar kasuwa mai saro abaya. Ita ta ɗaure min bel, ita ta cike min takardar sauka. Abincin jirgi na buɗe na rufe. Kaza ce aka dafa ba gishiri ba yaji, kamar ta mai jinya.

A filin jirgin Alƙahira aka tsayar da jakata. Wani jami'i mai gashin baki ya zuge ta, ya ci karo da ƙullin daddawa, ya kai hanci, ya ja baya har ya bugi tebur. Shekara talatin ina yin daddawa ina sayarwa, ba wanda ya taɓa yi wa tawa haka.  Ya ciro garin kuka, ya ga kore, fuskarsa ta sauya. Ya kira ɗan'uwansa, na ji suna ta nanata kalma ɗaya, hashish, hashish.

Na ce, "Hajiya Mairo, me yake cewa?"

Ta ce, "Wai wiwi ce kika ɗauko."

Na ce, "Ki ce masa ya kawo ruwan zafi da muciya in kaɗa masa."

Ban san me ta faɗa musu ba, na dai ga sun yi dariya. Mai gashin bakin ya dangwali kukar ya ɗanɗana, ya yatsina fuska, ya ce, "Ma'alish ya Hagga, yalla." Ma'alish ita ce haƙurinsu, da ita suke rufe kowace ɓarna. Ni kuwa na riƙe waccan kalma ta farko a raina, hashish. Ita ce Larabcin Masar na farko da na koya.

Nasiru na tsaye a waje. Ya yi ƙiba, gemu ya cika. Ya durƙusa ya gaishe ni a tsakiyar mutane, Larabawa suna kallonsa kamar wanda ya yar da wani abu yana nema. Su ba sa durƙuso. Yaro zai tsaya ƙiƙam ya sumbaci uwarsa a goshi, shi ke nan gaisuwa.

Unguwarsu Hayyin Ashir sunanta, cike take da baƙar fata, yawanci 'yan Sudan. Gidan hawa na biyar ne, kuma da ƙafa ake hawa. Na huta sau uku kafin in kai. Matarsa Nafisa ta tare ni a ƙofa. Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta daga ƙasar Sakkwato suka tashi a ƙafa za su Makka, suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Hausarta irin ta tsofaffin da na tarar ina yarinya ce, sai ta tsoma Larabci a tsakiya. Hajja take ce min. Yarinya ce mai tsabta, wannan na duba da kaina, har bayan murhu.

Abin da ya fara ba ni mamaki kwando ne. Kowace taga da kwandonta ɗaure da igiya. Mace za ta leƙo daga sama ta ƙwala wa mai kanti kira, ta zuro kwando, ya zuba mata tumatir da gurasa, ta janye. Na ce wannan dabara ce, da matan kulle na garinmu sun gani da sun so. Abinci kuwa, da safe wake ne da aka dafa ya yi lugub, a ci da gurasa. Akwai wani da suke ji da shi, koshari, shinkafa da taliya da wake a kwano ɗaya, kamar an share ragowar tukwane uku. Wata rana Nafisa ta ce yau za ta yi min babbar miyar Masar, mulukiya. Aka kawo na duba, lalo ne. Karkade da suke yi wa kirari zoɓo ne. Na ce ashe tun daga Funtuwa nake cin abincin Larabawa ban sani ba.

A rana ta biyu na buɗe firij zan ɗauki ruwa, na hango kwalabe uku koraye a can ciki, bayan robar madara. Na rufe. Ba na karatu, kuma lemo iri-iri ne a duniya.

Ranar Juma'a bayan la'asar ina kwance a falo, Nasiru na zaune a baranda, na ji ƙarar buɗe kwalba. Iska ta kaɗo min warin. Wani wari ne mai ɗaci-ɗaci, kamar ɗanyen ganye da aka murje a cikin tsamin hatsi. Na tashi zaune.

A nan dole in faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Manyanku sun sani, kun dai yi min kara. Marigayi mai gidana, uban yaran nan, yana shan giya. Ba burkutu ba, ta kwalba, koriya, wadda ake sayarwa a bayan tashar jirgin ƙasa. Mutum ne mai sanyin hali, bai taɓa ɗaga min hannu ba, amma in ya tashi daga aikin gurzar auduga can yake biyawa. Warin nan ya kama rigunansa, wanki ba ya fitar da shi. Ita ta ci masa hanta. Ya rasu Nasiru na da shekara huɗu. Na kwashe tufafinsa duka na bayar, ko hula ban bari ba, na ce wa yara shawara ce ta kashe shi. Ba ƙarya na yi ba, idonsa ya yi rawaya. Ban dai ƙarasa maganar ba. Auta kuwa na raine shi a kan cewa ubansa mutumin kirki ne mai tsare salla, kuma na tura shi karatun addini da gangan.

To ga shi yau, a ƙasar malamai, da gemunsa, warin ubansa na tashi daga hannunsa.

 In na ce masa wannan giya ce, zai ce Iya a ina kika san warin giya. Amsar wannan tambaya ita na shekara talatin ina dannewa. Sai na sa ido. Na duba ƙwayar idonsa da ya shigo, fara tas. Na duba tafiyarsa, ba tangaɗi. Ya ja mu sallar magariba, karatunsa bai karkace ba. Amma ban sakankance ba, don marigayi ma shekarun farko haka yake, sai mai kwana ɗaki ɗaya da shi ne zai gane. Daga ranar na daina bin sa salla. Na ce gwiwa ce, zan yi tawa a zaune a ɗaki. Ya dube ni, ya ce Allah ya sawwaƙe.

Na duba Nafisa ma, ko zan ga alamar mace mai ɓoye abu. Na san wannan fuska, na sa ta shekaru. Ban gani ba. Ita da kanta take goge kwalaben in ta share firij.

Asibitin yana wata unguwa a tsakiyar kogi, Zamalek, inda jakadu suke. Mun hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, ni da Nafisa a taragon mata, shi a na maza. Wannan tsari na yaba. Tsallaka titi kuwa ban yaba ba. Mota ba ta tsayawa, mutum ne zai kutsa yana ɗaga hannu yana salati. Likitan dattijo ne mai sanƙo. Ya duba hoto, ya ce tamam, za a farfasa. Aka kwantar da ni, na'ura ta yi ta ƙwanƙwasa min baya kamar ana fasa gyaɗa. Da aka gama ya ce sauran aiki nawa ne, in sha ruwa da yawa tsakuwar ta fita. Ya ƙara da wata magana yana murmushi, na ji ya ce sha'ir.

Nasiru ya ce, "Ya ce mutanen nan suna shan ruwan sha'ir saboda ƙoda, in kin so ki haɗa da shi. Muna ma da shi a gida."

Da muka fito muka bi ta bakin ruwa neman tasi. Akwai wani wurin cin abinci da tebura a waje. Turawa da Larabawa na zaune, rana tsaka, gabansu koren kwalabe da dogayen kofuna masu kumfa. Ba mai ɓoyewa, ba mai sunkuyar da kai. Wannan kam ba sai an gaya min ba. Warin ya daki hancina, shi ne dai na baranda. Ban kalli masu sha ba, Nasiru na kalla. Ya rage sauri. Ya ja numfashi ta hanci, a hankali, sannan ya ci gaba da tafiya. Na ce a raina shi ke nan, jini ya bi jini.

Muna isa gida ya buɗe firij ya ɗauko kwalbar, ya tsiyaya a kofi, kumfa ta taso. Ya miƙo min da hannu biyu.

"Iya, ga maganin. Da ɗan ɗaci, amma ki daure."

Na ce, "Ajiye."

Ya ajiye.

"Me aka zuba a ciki?"

"Sha'ir ne kawai, Iya. Ba abin maye a ciki, ga shi an rubuta."

"An rubuta wa masu karatu. Karanta min duka, kada ka tsallake."

Ya juya kwalbar ya karanta, yana fassarawa. Ruwa. Tsiron sha'ir. Sai ya ce, "Da hashishatud dinar."

Na ce, "Da me?"

"Hashishatud dinar."

"Hashish. Abin da aka kusa ɗaure ni a kansa a filin jirgi. Bai ishe ka ka sha kai kaɗai ba, sai ka ɗura wa uwarka?"

Nafisa ta fashe da dariya, ta ga fuskata, ta haɗiye. Nasiru ya ce wallahi ba waccan ba ce, hashisha a Larabci ciyawa ce kawai, wannan wani fure ne. Ya fara jawo min maganganun malamai. Na ce ya riƙe Larabcinsa. Na ɗauki ɗaya kwalbar da ba a buɗe ba na shige ɗaki da ita.

Takarda ba ta taɓa yi min magana ba, amma mai sayar da kayan ƙamshi na san yarensa ko a wace ƙasa yake. Da safe, bayan Nasiru ya fita aiki, na ce Nafisa ta kai ni wurin mai saiwoyi da kayan yaji. Na sa kwalbar a cikin hijabi. Shagon na bayan masallacin unguwa, buhuna a jere, kanumfari, citta, hulba, duk na gane su. Mai shagon tsoho ne, Ammu Sayyid, goshinsa da baƙin tabon sujada.

Na ce, "Ki ce masa ya nuna min hashishar dinari."

Bai ko ɗaga gira ba. Ya hau kujera ya sauko da wani gwangwani, ya zuba min a tafin hannu. Wasu 'yan furanni ne busassu, kore-kore da ɗan rawaya, marasa nauyi, ɓawo a kan ɓawo. Ya nuna min in murza. Na murza, na kai hanci.

Marigayi ne. Rigarsa ce ta shadda mai ruwan toka, rataye a ƙusa bayan ƙofa.

Na daɗe a tsaye. Nafisa ta ce, "Hajja, lafiya?" Na ce ta tambaye shi wannan yana sa maye. Ya yi dariya har da tari. Ya ce ko buhu na ci, barci kawai zan yi, mata ma na saye su dafa kamar shayi in barci ya ƙi zuwa. Ya ce shi ake zuba wa giya don ɗaci da ƙamshi, amma mayen ba daga shi yake ba, daga tsimuwar hatsi yake. Wannan na fahimta, don na san abin da kunu ke zama in ya kwana uku.

Na fito da kwalbar na dangwara masa a kan buhu. Ya duba. Ya ce wani babban kamfani ne tsoho, tun kakansa na yaro yake, yana yin iri biyu. Akwai mai maye, sai a shaguna na musamman ake samunta, akwai wannan da ke kowane kanti tare da lemo. Furen ɗaya ne, warin ɗaya.

Na ce, "Ki ce masa in gaskiya ne ya sha."

Nafisa ta ce, "Hajja, da kunya fa."

"Ki faɗa masa."

Ya buɗe da bakin cokali, ya yi bisimilla, ya shanye tas, ya yi gyatsa, ya ce alhamdulillah. Na jawo kujera na zauna. Ya tambayi Nafisa me nake jira. Ta ce ina jira in ga ko zai yi tangaɗi. Ya kira maƙwabcinsa mai gurasa ya ba shi labari, suka yi ta dariya, aka kawo min shayi. Ban tashi ba sai da aka kira azahar. Ya auna wa mutane kaya a gabana, ma'auninsa bai kuskure ba, ya tashi ya tafi masallaci a miƙe. Kafin ya tafi ya ƙulla min furen a takarda, ya ce kyauta ce ga Hajiyar da ta fi 'yan sanda bincike.

Da la'asar Nasiru ya dawo. Nafisa ta riga ta ba shi labari a waya. Na same shi a baranda, ya ba ni kujera, shi ya zauna a ƙasa. Na ce na zarge shi da abin da bai yi ba, na daina bin sa salla, ba gwiwa ba ce. Ya ce ya sani.  Ana ta zura kwanduna daga tagogi.

Sai ya ce, "Iya, tun kafin in karanta miki sunan furen kika ƙi kofin nan. A ina kika san warin?"

 Bai jira amsata ba.

Ya ce shekararsa ta farko a Masar, ana tsananin zafi, wani abokin karatunsa ya saya masa kwalbar a kanti. Yana buɗewa sai ya ga kansa yana yaro a kan wuyan wani mutum, an tsallaka layin dogo da shi, yana riƙe da kunnuwan mutumin, hannunsa duk danƙon rake. Ya ce bai iya sha ba ranar. Bai san me ya haɗa wannan wari da Baba ba, sai da ya fara kai marasa lafiya Zamalek, ya wuce ta gaban teburan nan.

"Shekara tara ke nan da na gane."

Na ce, "Me ya hana ka tambaye ni?"

"Kin ce shawara ce. Na bar miki maganarki."

"To me kake yi da ita a firij?"

"Ba daɗinta nake ji ba, Iya, ɗaci gare ta. Ran Juma'a nake buɗe ɗaya, in na gama yi masa addu'a. Ba ni da hotonsa, ba ni da hularsa. Fuskarsa ma ta ɓace min. Wannan ne kawai."

Ni na bayar da hular. Ban faɗa masa haka ba, ya sani. Na ce ya sauka kanti ya sayo wata. Ya ce ga kwando. Na ce ya sauka da ƙafarsa. Ina son in zauna ni kaɗai na ɗan lokaci, kuma hawa biyar ne.

Da ya kawo na sha. Ɗaci kamar shuwaka da ba a wanke ba. Na yi mamakin mutumin da ya bar tuwona shekara da shekaru saboda wannan. Da magariba na fito na tsaya a bayan Nasiru, kusa da Nafisa.

Tsakuwar ta fita a cikin kwana tara, gari-gari kamar tsaki. Ko ruwa ne ya fitar da ita ko sha'ir, likita ma bai rantse ba. Kada wata ta ji wannan labari ta ce Hajiya ta halatta kwalba. A gidana na Funtuwa, koriya ko baƙa, mai maye ko marar maye, ba ta shigowa, don yaran unguwa ba su da Ammu Sayyid da zai bambance musu. Dalar Masar da ake ta tambayata kuwa, na hango su daga mota, manyan tulin duwatsu ne, ban sauka ba.

A filin jirgin Kano ma sai da aka buɗe jakata. Jami'in saurayi ne mai ladabi. Ya ɗaga abayoyin tsaraba, ya ɗaga dabino, ya ci karo da ƙullin takardar nan. Ya kwance, ya shinshina, ya dube ni.

"Hajiya, wannan fa mene ne?"

Na ce, "Na mai gidana ne."

Ya ƙulle shi da kyau yadda ya same shi, ya mayar, ya zuge jakar. Ya ce, "Allah ya huta gajiya. A gaida Alhaji."

Na ce zai ji.